Koyon Nutso a Rido

Mai hali in ya tafi hutu tsibirin Zanzibar, yakan goya tulun iska, ya nutse cikin ruwa garau yana kallon kifaye, malami na biye da shi. Yaron Rido kuwa ba shi da tulu sai ƙirjinsa, ba malami sai wansa. Abin takaici, dogon hutun makaranta cikin Agusta yake faɗowa, sa'ad da rafin Romi ya cika ya batse, ya yi ja wur, har mai nutso ba ya ganin tafin hannunsa. Ga shi tun da aka buɗe matatar mai a 1980 baƙi suka yawaita, 'ya'yansu ba su san inda zurfi yake ba. Dominsu ne iyaye mata ke leƙen hanya da la'asar.