Minti Goma Kafin Motar Makaranta: Kunun Ots da Pich

Kafin in ba ki yadda nake haɗa wannan kunu, bari in fara gaya miki ranar da ta sa na koye shi, ko da yake ba rana ce da nake son tunawa ba.

Shekara uku ke nan muna zaune a Alƙahira, a unguwar Hayyul Ashir, inda maigida yake karatun digiri na uku. Yaranmu biyu, babbar tana aji uku na firamare, ƙanenta kuma bai daɗe da shiga makaranta ba. Lokacin da muke Kano ban taɓa ɗaukar karin kumallo a matsayin abin damuwa ba. Mai koko tana bakin layi, mai ƙosai tana gefenta, da an idar da sallar asuba sai a aiki yaro da kwano. A nan kuwa motar makaranta tana tsayawa ƙarfe shida da rabi, ta danna hon sau biyu, ba ta jiran kowa. Ful, wato dafaffen waken da mutanen gari ke karyawa da shi, yarana sun ƙi shi ƙememe. Ɗa'amiyya mai kama da ƙosai suna so, amma sai an sauko daga bene hawa biyar an bi layi.

Da haka na zame na koma shayi da biskit. Wata ranar ma shayin ba ya gama hucewa motar ta iso, sai in cusa musu biskit ɗin a jaka in ce su ci a hanya.

Wata Lahadi cikin watan Mayu, ana tsakiyar jarrabawar ƙarshen shekara, malamar babbar ta kira ni a waya. Ta ce jiri ya kwashi yarinyar tana cikin rubutu, ta kifa kai a kan tebur. Sun ba ta lemo da burodi, ta wartsake. Sannan ta ce, "Allah ya ba ki lafiya, ta gaya mana kina kwance."

Lafiyata ƙalau, 'yar'uwa. Abin da ya faru shi ne na kai ƙarfe ɗayan dare ina danna waya, na koma barci bayan asuba, na farka a makare.

Da ta dawo na zaunar da ita na ce, "Me ya sa kika ce ba ni da lafiya?" Ta sunkuyar da kai ta ce, "Umma, don kada su ce ba kya ba mu abinci."

Yarinya 'yar shekara takwas ta yi ƙarya don ta rufa mini asiri. A daren nan na daɗe idona biyu. Da na bi abin a tsanake, sai na ga ba lalaci kaɗai ne ya kai ni nan ba. A raina, karin kumallo na gaske shi ne irin na Hajiyarmu: a jiƙa gero tun jiya, a kai markaɗe, a tace, a dama kunun gyaɗa, a soya ƙosai ko waina. Tunda na san ba zan iya wannan ba kafin shida da rabi, sai na daina yin komai. Na manta da abin da Hausawa suka ce, da babu gara ba daɗi.

Bayan kwana biyu, dattijuwar da ke zaune a ƙasanmu, wadda yarana ke kira Teta, wato kaka, ta aiko mana da leda cike da wani ɗan itace mai launin ja da ɗorawa, bawonsa da ɗan gashi-gashi mai laushi. Su suna kiransa khokh, Turawa kuma pich. Girmansa kamar matsakaicin tumatir, cikinsa da ruwa, zaƙinsa da ɗan tsami-tsami, a tsakiya akwai ƙwallo mai tauri. Asalinsa daga ƙasar Sin yake, kuma a Masar da zafi yake fitowa, tun daga watan Mayu za ki gan shi jibge a kan amalanke. Yaran suka sha biyu-biyu a tsaye.

A kan kantar kicin kuma akwai gwangwanin ots, irin wanda yawancinmu muke kira da sunan kamfaninsa, Quaker. Maigida ne ya sayo bayan likita ya ce kitsen jininsa ya ɗan hau. Na taɓa dama wa yaran sau ɗaya da ruwa zalla, ƙaramin ya ɗanɗana ya ce kamar gam. Na zabga sukari, suka sha cokali uku suka ture. Tun daga nan gwangwanin yake ajiye. Ganin yadda suka rububi pich ɗin, sai na ce bari in haɗa su a tukunya ɗaya in gani.

Ga yadda nake yi yanzu, bayan na ƙona tukunya sau biyu kafin hannuna ya faɗa. Wannan awon yana isar mu uku, ni da yaran.

Abubuwan buƙata: ots kofi ɗaya da rabi, ruwa kofi biyu, madara kofi ɗaya, pich nunannu guda biyu, man shanu ko bota ƙaramin cokali ɗaya, garin kirfa rabin ƙaramin cokali, gishiri ɗan abin da yatsu biyu za su ɗauka, da dakakkiyar soyayyar gyaɗa babban cokali biyu. Idan madarar gari ce, ki dama babban cokali uku a kofin ruwa.

Ki wanke pich ɗin, ki tsaga shi biyu, ki murɗa, ƙwallon zai fita. Ki yanka ƙanana. Ni ba na ɓare bawon, don yana laushi a wuta. Idan yaranki masu tsince-tsince ne, ki tsoma shi a tafasasshen ruwa na daƙiƙa 30, ki mayar cikin ruwan sanyi, bawon zai saɓule da hannu.

Ki ɗora tukunya a matsakaiciyar wuta, ki sa man, ki zuba rabin pich ɗin da kirfa, ki juya na minti biyu har ya fara sakin ruwa. Sirrin yana nan, uwargida. Wuta tana fito da zaƙinsa, ya ratsa kunun gaba ɗaya, shi ya sa ba kya buƙatar sukari mai yawa. Sai ki zuba ruwa da gishiri. Da ya tafasa ki zuba ots kina juyawa, ki rage wuta sosai. Mai faɗin ƙwaya yana ɗaukar kamar minti biyar, mai laushin nan da aka farfasa kuwa minti biyu ya ishe shi. Madara a ƙarshe take shiga, ki juya, ki bar shi minti ɗaya ki sauke. Kuskurena na farko shi ne zuba madara tun farko a kan wuta mai ƙarfi, na tafi neman safar makaranta, na dawo na tarar ya kama.

Ki zuba a kwano, ki ɗora sauran ɗanyen pich ɗin a kai, ki barbaɗa gyaɗa. Idan ya yi kauri ki ƙara ruwan zafi kaɗan, don yana ƙara ɗaurewa yayin da yake hucewa. Ki baza shi a faranti mai faɗi idan kina sauri, ya fi saurin shan iska. Ƙa'idar da za ki riƙe ita ce awo ɗaya na ots, awo biyu na ruwa da madara a haɗe. Daga kunna wuta zuwa zubawa, minti goma ne.

Ranar farko na tsaya a bakin ƙofar kicin ina leƙensu kamar mai jiran sakamakon jarrabawa. Ƙaramin ya fara tsince pich ɗin sama, sannan ya ci gaba da sha ba tare da ya ɗago ba. Babbar ta side kwanonta ta ce, "Umma, gobe ma." Ban ce komai ba, na juya ina wanke tukunyar da ba ta ko huce ba.

Wataƙila ki ce, me ya bambanta shi da shayi da biskit? Biskit farin fulawa ne da sukari, jiki yana narkar da shi da wuri, kafin a fita tara yunwa ta dawo. Ots kuwa cikakkiyar ƙwayar hatsi ce da dusarta. Rabin kofi, wato kamar giram 40, yana ɗauke da kusan giram 4 na harza da giram 5 na furotin. Cikin harzar akwai wani nau'i mai narkewa a ruwa da ake kira beta-gulukan. Shi ne yake ba kunun yauƙi, shi ne kuma yake sa abinci ya daɗe a ciki, sukari ya riƙa shiga jini sannu a hankali. Tun 1997 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince a rubuta a jikin kwalin ots cewa wannan harza na iya taimakawa wajen rage haɗarin ciwon zuciya, idan an haɗa da rage cin kitse. Dalilin da likita ya tura maigida gare shi ke nan. Madara da gyaɗa suna ƙara furotin, pich kuma ya kawo bitamin C. Ranar da ake da doguwar makaranta nakan haɗa musu da dafaffen ƙwai ɗaya-ɗaya.

Maganar sukari kuwa, a 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin abincin da mutum ke ci a rana, in an sauko ƙasa da kashi 5 ya fi. Ga babban mutum, kashi 5 ɗin kusan ƙaramin cokali shida ne a wuni. Ki tuna cokali nawa kike zubawa a kofin shayi ɗaya. Ni uku nake zubawa a da. Yanzu idan pich bai nuna sosai ba, dabino biyu nake yankawa a tukunya, ko in ɗiga zuma.

Sai dai ki kiyaye abubuwa uku. Kada ki ba jaririn da bai cika shekara ɗaya ba zuma. Kada ki ba ƙananan yara gyaɗa guda-guda, ki daka ta, saboda shaƙewa. Sannan ki zubar da ƙwallon pich nesa da su, don yaranmu sun saba fasa ƙwallo su ci na ciki, shi kuwa na cikin wannan yana da sinadari mai cutarwa.

Na san ke da kike karanta wannan a Kano ko Maraɗi ko Kumasi za ki ce, ina zan ga pich? A manyan kantuna akwai na gwangwani. Idan shi kika samu, ki tsiyaye ruwan sukarin, ki ɗauraye, kuma kada ki ƙara wani zaƙi. Amma ba sai kin wahalar da aljihu ba. Da muka zo hutu gida, da mangwaro na yi, ya ma fi ƙamshi. Shi a ƙarshe ake sa shi, bayan an sauke. Ayaba nunanniya ki murƙushe rabi a tukunya, ki yanka rabi a kai. Idan kuma ots ɗin ne ya yi tsada, acca tana nuna da wuri ita ma, kamun gero da kika tanada kuwa minti biyar ya ishe ki damawa. Geronmu ba abin rainawa ba ne ko kaɗan. Abin da ake so dai hatsi, da madara ko gyaɗa, da ɗan itace su haɗu a cikin yaro kafin ya fita.

Da na ba Hajiyarmu labari a waya, sai da ta gama dariya ta ce, "Abincin majinyata kike ba jikokina?" Da na gaya mata abin da yarinyar ta faɗa wa malamarta, ta yi shiru, sannan ta ce, "To ki riƙa ajiye tukunyar a kan murhu tun dare." Shawarar nan ta fi komai amfani. Yanzu kafin in kwanta nakan auna ots a kofi in rufe, in wanke pich, in jera kwanuka da cokula, wayata kuma ta kwana a falo.

Ba kullum nake cin nasara ba. Makon jiya ma akwai ranar da ƙaramin ya sha rabi a tsaye, takalmi ɗaya a ƙafa, mota tana hon. Amma rabin ya shiga, kuma tun daga waccan Lahadin malama ba ta sake kirana ba.

Ke fa, uwargida, me yaranki suka karya da shi yau? Idan kina da wata dabara ta minti goma, ki taimaka mana da ita, don lokacin pich yana wucewa da ƙarshen zafi, ni kuma sai na nemi abin da zan sa a tukunya da sanyi.