Karen Ruwa Na Tafkin Gilened

A arewa maso yammacin ƙasar Ailan, cikin lardin Litirim, akwai wani tafki a tsakanin duwatsu da ake kira Gilened. Matafiyin da ya taso daga garin Manohamilton, in ya wuce tafkin kaɗan, zai tarar da tsohuwar maƙabartar Konwal. Abin da ke kai baƙi wurin shi ne kabarin wata mace da ta rasu cikin watan Satumba na 1722. A jikin dutsen kabarin an sassaƙa wata dabba mai siffar kare, ta waiwayo da kanta, an soke ta da makami. Ruwan sama ya fara cinye zanen, sai mutum ya durƙusa kafin ya gane shi.

Mutanen wurin sun ce wanki matar ta je yi a bakin tafki, dabbar ta fito ta halaka ta. Da mijin ya zo ya kashe dabbar, sai ta yi wata ƙara, abokin zamanta ya fito daga ruwa, ya fafari mutumin da dokinsa har cikin lardin Siligo kafin shi ma a gama da shi.

Sunan wannan dabba a harshen Ailan shi ne dobharchú. Cú karen farauta ne, dobhar kuwa ruwa, watau karen ruwa ke nan, daidai yadda Bahaushe ya raɗa wa tasa. Ainihin dabbar ba dodo ba ce. Mai cin kifi ce, mai gudun mutane, kuma dokar ƙasar ta 1976 ta ba ta kariya. Tatsuniya ce ta ƙara mata jiki.

Abin lura shi ne kalmar dobhar ta tsufa. Yau mai jin ƙishirwa uisce zai nema, har dabbar ma akan ce mata madra uisce, ma'anar dai ɗaya ce. Tsohuwar kalmar ta fake ne a sunan dabbar da sunayen wurare, kamar Gaoth Dobhair a lardin Donegal, inda har yanzu ake ciniki da harshen. Ƙidayar 2022 ta nuna wajen mutum 72,000 ne ke magana da shi kullum a wajen makaranta, a ƙasa mai mutum fiye da miliyan 5.