Kangon da Aka Saya a Ƙasar Japan

A cikin shekarar 1973 wani saurayi Ba'amurke, ana ce da shi Alex Kerr, ya sayi wani kango a kwarin Iya, can cikin duwatsun tsibirin Shikoku na ƙasar Japan. Gidan ya kai wajen shekara 300 da ginawa. Na katako ne, da jinka mai kauri, ga murhu a tsakiyar ɗaki, hayaƙi ya mai da itatuwan rufin baƙi ƙirin. Masu shi sun tashi sun bar shi. Ciniki bai yi wuya ba, gama ba mai so.

Ashe wuyar tana can bisa. Jinkar irin wannan gida hayaƙin murhu ne ke kiyaye ta daga ƙwari da danshi. In aka daina hura wuta sai ta ruɓe, ruwa ya shiga. Dā can gayya ake yi wa baibaya. Gari yana da filin shuci, a yanka a tara, ran aiki kuwa kowane gida ya ba da hannu, baɗi a koma wa wani. To, wa zai zo gayya a ƙauyen da samarinsa suka watse? Sai dai a nemo gwanaye a biya su lada, ga su kuwa sun yi ƙaranci. Saurayin nan ya yi shekaru yana fama, abin da rufin ya ci har ya ninka kuɗin gidan sau da yawa.

Irin waɗannan gidaje da ba kowa a ciki Japanawa na kiransu akiya. Ƙidayar 2023 ta sami wajen miliyan 9, har da na birane. Haihuwa ta ragu, samari sun tafi Tokyo da Osaka neman aiki, tsofaffi suna rasuwa. Magaji kuwa ba ya son rushewa, don harajin filin da ke da gida a kai yakan sauko har zuwa kashi ɗaya cikin shida. Saboda haka hukumomin garuruwa suka buɗe rajista, mai gida ya rubuta, mai nema ya duba. Wani gidan ma kyauta ake bayarwa.

Duk da haka ba kowane kango ke da mai sayarwa ba. A cikin da yawansu akwai wurin tunawa da iyayen da suka rasu, 'ya'ya kuma sukan komo gida a watan Agusta su ziyarci kaburbura. Wanda ya dace ya samu, sai ya duba gara tukuna, ya tuna gidan an gina shi tun kafin dokar ginin 1981 mai tsananta tsaro daga girgizar ƙasa. Kana ya san maƙwabta za su sa ido su ga ko zai fito yankan ciyawa da yasar magudanar gonakin shinkafa.

Gidan kwarin Iya dai ya tsira. Kerr ya sa masa suna Chiiori, watau gidan sarewa, daga baya aka gyara shi ya zama masauki, baƙi na biya su kwana a gefen murhun.