Daga Abuja Zuwa Minna: Bin Sawun Maryam Babangida

Masu iya magana sun ce gani ya kori ji. Wannan ne ya sa na shirya takanas daga Abuja zuwa Minna, don in ga abin da ya rage na aikin da Hajiya Maryam Babangida ta yi wa matan karkara.

Na fara yada zango a Cibiyar Bunƙasa Mata ta Ƙasa da ke tsakiyar Abuja, wadda aka buɗe a 1992, kuma take ɗauke da sunan marigayiyar. A nan ake koya wa mata ɗinki da girke-girke da aikin kwamfuta. Ginin ya samo asali ne daga Shirin Kyautata Rayuwar Matan Karkara, wanda ta ƙaddamar cikin watan Satumba na 1987, lokacin da maigidanta Janar Ibrahim Babangida yake mulkin Nijeriya. Zamani ne na matsi, domin tsarin gyaran tattalin arziki na 1986 ya karya darajar Naira, kayan masarufi sun yi tsada, wahalar kuwa ta fi faɗa wa matan ƙauye.

Daga nan na kama hanya, na wuce Dutsen Zuma da Suleja, na nufi Lambata da Paiko, ƙasar doya. Duk wanda ya bi wannan hanya zai ga matan Gwari jere a gefen titi, sun ɗauko itace ko doya a kafaɗa, kamar yadda al'adarsu take, ga goyo a baya. Irin waɗannan mata aka yi shirin dominsu. An haɗa su cikin ƙungiyoyin gama kai don su sami rance, an ba su injinan niƙa da na sarrafa rogo da gyaɗa, an buɗe azuzuwan yaƙi da jahilci, an kuma riƙa shirya kasuwar baje koli don su kai abin da suka sana'anta birni.

A wani ƙauye da muka tsaya shan ruwa, wata dattijuwa ta nuna mini wani ɗaki da rufinsa ya yaye, injin niƙa yana ciki ya yi tsatsa. Ta ce mini tun da ya lalace ba wanda ya zo gyara, ƙungiyarsu ma ta watse. Amma ta ce a ajin yamma na wancan lokaci ta koyi rubuta sunanta, kuma dalilin haka ta dage sai da 'ya'yanta mata suka yi makaranta.

To, mai karatu, a nan gizo yake saƙa. Tun shirin yana da rai masu suka suke cewa matan gwamnoni da na manyan birni sun fi matan ƙauye cin moriyarsa. Kuma da yake a jikin ofishin uwargidan shugaban ƙasa aka rataya shi, da mulki ya sauya a 1993 sai ya dushe, a 1994 Hajiya Maryam Abacha ta kawo nata na tallafa wa iyali. Duk da haka ba a rasa riba ba. A zamanin ne aka kafa Hukumar Mata ta Ƙasa a 1989, wadda ta share fagen Ma'aikatar Harkokin Mata. A 1991 kuma aka ba Hajiya Maryam lambar yabo ta Afirka kan yaƙi da yunwa, tare da Wangari Maathai ta Kenya.

Da la'asar muka shiga Minna. An haifi Maryam a Asaba a 1948, ta rasu a Amurka ranar 27 ga Disamba, 2009, aka kawo ta wannan gari aka yi mata sutura. Makarantar El-Amin da ta kafa tana nan.

A hanyar komawa na sake wuce matan nan da kayansu a kafaɗa. Abin da na fahimta shi ne, inji yakan mutu idan mai kyautar ya kau, ilmi kuwa yakan bi jini. Ya kamata hukumomi da matan shugabannin yanzu su damƙa irin wannan aiki a hannun su matan ƙauyen, da kasafi tabbatacce da mai gyara a kusa. Allah ya jiƙan Hajiya Maryam, ya sa mu dace, amin.