Takardar da Aka Liƙa a Ƙofa

Wata safiyar Litinin, muna haramar fita zuwa aji, sai muka tarar an liƙa wata takarda a ƙofar gidan da muke haya a nan birnin Ikko. An ba mu kwana 7 mu kwashe komatsanmu, wai mai gida yana bukatar gidansa. Sau uku muka karanta ta a tsaye. Mu ne fa muka shafe shekara da shekaru muna koya wa ɗalibai yadda ake feɗe matani, amma ga 'yan layuka sun sa gwiwarmu ta yi sanyi, domin duk karatun adabin da muka yi bai sanar da mu ko takardar nan tana cizo ko kuwa haushi kawai take yi ba.

Da dabara ta ƙare mana, sai muka kira wani lauya, abokin karatunmu tun na sakandare. Ya saurare mu tsaf, sa'an nan ya ce, "Dakta, kuɗin shekara kake biya ko na wata?" Muka ce na shekara, kuma ba a bin mu ko kwabo. Ya ce, "To, koma ka ƙarasa shan shayinka." Daga nan ya warware mana zare da abawa. Dokar Haya ta Jihar Legas ta 2011 ta tanadi cewa, in dai ba wata yarjejeniya aka ƙulla daban ba, mai biyan shekara sai an ba shi notis na wata 6, mai biyan wata-wata kuwa na wata guda. Bayan wa'adin ya cika ne ake ba da takardar kwana 7, kuma ko ita ba ta fitar da kowa sai kotu ta yi hukunci. Wasiƙa ɗaya tak ya rubuta, dillalin mai gida ya janye jikinsa.

Abin da har yau yake ci mana rai shi ne, ba ƙofarmu kaɗai aka liƙa wa takardar ba. A ɗakin baya akwai wani dattijo mai sayar da goro, wanda kullum muke cewa da shi "Baba, ina kwana?" shi kuma ya amsa da "Malam, an tashi lafiya?" Sai bayan kwana 4 muka tuna da shi. Ko da muka leƙa, ɗakin wayam, sai ƙusar da yake rataye tasbaha. Maƙwabta suka ce wani yaro ya karanta masa takardar, ya ce ƙaddara ce, ya loda kayansa ya nufi wajen 'yan uwa a Agege. Dokar da ta kāre mu ta kāre shi, sai dai mu muna da lambar lauya a waya, shi kuwa ba shi da ita. Wasiƙar nan da ta iya ɗaukar sunaye biyu, mu ne ba mu ambaci nasa ba.

Muka tambayi abokin namu: shin ina irin su Baba za su dosa? Ya ce ƙofofi akwai su. An kafa Hukumar Agajin Shari'a ta Ƙasa tun 1976, da farko domin waɗanda ake tuhuma da manyan laifuka, sa'an nan dokar 2011 ta faɗaɗa aikinta, ta kuma ce mai neman agajin shi ne wanda samunsa bai wuce mafi ƙarancin albashi ba, wanda aka mayar naira 70,000 a 2024. Jihar Legas ma ta buɗe ofishin lauyoyin kāre talakawa a 2000. To, amma ƙofa daban, mai tsaron ta daban. Agajin shari'a kuɗi yake ci: na shigar da ƙara, na mota, na takardu, da na cefanen lauyan kansa. Duk inda kason ya gaza, sai a fara da wanda ke tsare a kurkuku, mai rigimar ɗaki kuwa ya jira.

A nan ne muka fahimci rayuwar abokin namu. Jama'a na ganin baƙar riga da farar hular gashi sai su ɗauka kowane lauya attajiri ne. Shi kuwa da asuba yake shiga motar haya da jakar fayiloli, ya yini a benci yana jiran a kira ƙararsa, a ƙarshe a ɗage ta zuwa wata biyu. Yawancin masu zuwa wurinsa addu'a ce ladarsu. Ya ce abokan karatunsa da suka bi harkar kamfanoni sun gina gidaje, shi kuwa har yanzu ɗan haya ne, kuma shi ma an taɓa liƙa masa irin takardarmu. Ya yi dariya da ya faɗi haka, mu kuwa muka kasa tayawa.

Wannan birni ya san zafin tashi. A watan Yuli na 1990 aka rushe unguwar Maroko bayan sanarwar kwana 7, dubban ɗaruruwan mutane suka wayi gari a fili cikin damina. Wancan ya shiga tarihi saboda yawan jama'arsa. Tashin mutum ɗaya, irin na Baba, ba ya shiga jarida, alhali kullum sai an yi shi.

Saboda haka, duk sa'ad da aka zo maganar kasafin kuɗi aka ce agajin shari'a zai iya jira, mu ɗakin nan na baya muke tunawa. Mun kuma ɗaukar wa kanmu ɗan abin da za mu iya: duk maƙwabcin da aka kawo wa takarda, mukan karanta masa, mu haɗa shi da wanda ya san kan doka. Mun je Agege sau biyu neman Baba, ba mu dace ba. Allah ya sa yana cikin rufin asiri, ya kuma yafe mana kwana huɗun nan.