Neman Inda Ake Koyon Kwamfuta a Diffa

Ƙarfe shida na safe motarmu ta bar tasha a Damagaram, bayan na biya jaka bakwai ta sefa. Tafiyar kilomita kusan 470 ce zuwa Diffa, a kan babbar hanyar ƙasa mai lamba 1. Mun wuce Mirya da Gidimuni da sanyin safiya. Daga Gure zuwa Gudumariya ƙasar ta sauya mini gaba ɗaya: tuddan yashi suna cin bakin kwalta, a tsakaninsu kuma kwaruruka cike da dabino da goruba, wasunsu ana haƙar kanwa a ciki. A kowane shinge sai mu sauka, kowa ya nuna katinsa, mu taka da ƙafa mu tarar da mota a gaba. Kafin mu kai Maine Soroa bayana ya ƙage. Mun shiga Diffa ana kiran la'asar.

Na zo ne in ga inda mai farawa zai koyi kwamfuta a garin da ya sha wuya. Tun harin da Boko Haram ta kai Bosso da Diffa a Fabrairun 2015 aka kafa dokar ta-ɓaci, aka hana hawa babur, aka kuma taƙaita cinikin tattasai da kifi na tsawon lokaci. Samarin da ke cin abinci da kabu-kabu suka wayi gari ba sana'a. Ga kuma ɗimbin waɗanda suka ƙetaro daga Damasak da Malam Fatori.

Washegari adaidaita sahu ya kai ni makaranta ta farko. Allonta na waje ya sha fenti, an jera darussa kusan goma. A ciki na ga kwamfutoci reras, amma uku kaɗai ke kunnuwa. Ɗalibai na kwafar sunayen sassan na'ura daga allo zuwa littafi. Da wuta ta ɗauke, darasi ya tashi. Wani yaro ya ce mini ya kusa wata guda bai buga wasiƙa ko ɗaya da hannunsa ba, amma an yi masa alkawarin takardar shaida. Abin ya dame ni ƙwarai, domin iyayensa ne suka matse bakin aljihu suka biya.

Ta biyu shago ne ƙarami kusa da kasuwa, da faifan sola a kan rufi da batura a lungu. Kwamfuta huɗu, mutum biyu a kan kowace, suna karɓa-karɓa. Na tambayi mai wurin me ya kamata uba ya duba kafin ya biya. Ya ce, "Malam, ka zo da rana tsaka ba tare da ka sanar ba. Ka ƙirga na'urorin da ke aiki, ka ƙirga yaran, ka ga hannun wa ke kan madannai. Sannan ka ce wa wanda ya kusa gamawa ya shirya maka lissafi a Excel a gabanka." Kuɗin wata ma ya yarda a biya shi kashi-kashi, da sefa ko da naira, domin a Diffa duka biyun suna tafiya a kasuwa.

A nan na ga abin da ba mu saba da shi a Kano ba. Madannan irin na Faransa ne, harafin A yana inda muke samun Q, kuma umarnin na'ura duk da Faransanci. Yaran da suka yi firamare a Borno da Turanci suna tuntuɓe a kansa. Malamin yakan sauya musu harshen na'ura, ya yi bayani da Barbarci da Hausa, sannan a hankali ya maida su Faransanci, tunda shi ake aiki da shi a ofisoshin garin.

Da yamma aka raka ni wajen gari, ta ɓangaren gonakin tattasai da ake shayarwa daga kogin Komadugu. Tsallaken ruwan Najeriya ce. A wata fada ta samari, ana dafa shayi a kan gawayi, na tarar da ɗalibin Jami'ar Diffa, wadda aka kafa a 2014, ya ɗora kwamfutarsa a kan tabarma. Da lissafin buhunan tattasai na mahaifin ɗayansu yake koya musu: nawa aka kashe a taki da man injin ban ruwa, nawa aka sayar. Kowa na zuba ɗan abin da ya samu don sayen data da sukari, kuma suna tura wa juna aikin gida ta WhatsApp. Mai son shiga, in ji su, ya tambaya a shagunan buga takardu ko wurin masu cajin waya, za a nuna masa.

Na tambaye su ina ƙannensu mata suke koyo, tunda ba sa zaman fada. Ɗalibin ya ce yana ba ƙanwarsa aron na'urar da safe idan ba shi da lacca, ita kuma ta kira ƙawayenta biyu su zauna a tsakar gida har cajin ya ƙare. Sauran samarin suka ce a gidajensu babu wadda ta taɓa danna kwamfuta.