Ni da Kishiyata Mai Taya Biyu a Hamadar Namib

'Yan uwana mata, ranar da maigidana ya shigo gidanmu na Windhoek, babban birnin ƙasar Namibiya inda aiki ya kai shi, yana janye da wata 'yar tirela a bayan mota, sai da gabana ya faɗi. Kada ki ɗauka irin tirelar nan ce ta ɗaukar siminti. Wannan ɗan akwatin ƙarfe ne mai taya biyu, tsawonsa bai fi gadon amarya ba. Na hannu ya saya, amma kuɗin da ta ci sun isa a haɗa lefe.

Tun daga ranar na raɗa mata suna Kishiya. Asabar ta zo yana ƙarƙashinta da sifana, Lahadi yana wanke ta. Ni kuwa ko lallen da na sa bai gani ba.

Gaskiya dai, da ya buɗe ta na yi shiru. Murfinta kan ɗage ya zama tanti mai katifa. A gefe akwai aljihun tebur da ake zarowa, ga murhun gas, ga ma'ajiyar kwanuka, kowane kofi da raminsa don kada ya fashe. Ga ɗan firji da batir ke riƙewa, farantin sola na yi masa caji, ga tankin ruwa a ƙasa. Wallahi wata amaryar ba ta samu jere irin wannan ba.

Da hutu ya zo muka ɗaura niyyar zuwa Sossusvlei, wurin tuddan jan yashin nan na hamadar Namib. Daren tafiya ya ce zai kwance tayoyinta ya sa wa boris sabon giris. Na tura baki na ce, "Haba Yallaɓai, yau ma? Ko tuwon da na tuƙa ba za a ci da zafinsa ba?" Ya yi dariya ya ce, "To uwargida, an bar ta." Ki riƙe wannan maganar.

Daga Windhoek zuwa Rehoboth kwalta ce, kusan kilomita 90. Daga nan sai burji. Akwai wata gangara mai suna Spreetshoogte wadda tsananin tsayuwarta ya sa ba a yarda a bi ta da tirela ba, dole muka zagaya ta Remhoogte. Hanya kuwa gargada ce kamar bayan kwanon rufi, haƙorana har haɗuwa suke. Muka sha mai a Solitaire, wani ɗan zango da gidan mai ne kusan rabin garin.

Ba mu yi nisa ba na ji ƙauri. Na zaci abinci ne ya zube a baya. Ya tsaya, ya kai hannu kusa da cibiyar tayar hagu ya janye da sauri. Boris ya bushe, ƙura ta shiga ta cinye ɗan giris ɗin da ya rage. Da mun ƙara tafiya, tayar na iya fita gaba ɗaya, tirela ta kife, ta ja motar da muke ciki.

Babu sabis a waya, babu inuwa, babu mahaluki. Wasu jiminu ne kawai can nesa suna miƙa wuya. Allah ya taimake mu yana tafe da sabon boris a akwatin kayan aiki, abin da na taɓa yi masa gori a kai wai ɓarnar kuɗi. Ya sa jak, na riƙe masa noti a bakin zanena, ina miƙa tsumma. Awa biyu muka yi. Bai ce mini "ba na faɗa miki ba?" ko sau ɗaya, shirun nan ya fi faɗa ciwo.

Mun isa sansanin Sesriem ana gab da magariba. Cikin minti goma ɗakinmu ya tsaya, na ɗora shayi. Taurarin wurin, ke dai bari! Kamar ki miƙa hannu ki tsinko.

Da asuba muka kwance Kishiya muka bar ta a sansani, domin bayan kwalta ta kusan kilomita 60, biyar ɗin ƙarshe yashi ne zalla, sai an rage iskar taya mota ke wucewa. Muka hau tudun da ake kira Dune 45 rana na fitowa, gefe guda ja kamar garwashi, ɗaya gefen baƙi ƙirin. Ban kai ƙololuwa ba, na zauna a rabi ina haki. A Deadvlei kuma matattun itatuwa ne tsaye a kan farar ƙasa shekaru ɗaruruwa, bushewar wurin ta hana su ruɓewa.

Da muka dawo gida ni da kaina na buɗe tantin na shanya, don in aka naɗe tamfol da danshi sai ya yi fumfuna. Na zubar da ragowar ruwan tanki, na kakkaɓe yashi daga kwanuka. Ya leƙo ta taga ya ce, "Uwargida, yau ke ce da aikin amarya?"

Na ce, "Yallaɓai, kawo giris ɗin nan, ɗaya tayar ba a duba ta ba."